Zinaren Rafi na Bakwai

Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin tankaɗe na wani kamfanin binciken ma'adinai, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Goggon Rariya. Da shara ta fara. Wata rana mai tankaɗen bai zo ba, aka miƙa mata rariya, daga nan ba ta ƙara komawa kan tsintsiya ba.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Masu fita daji suna kawo yashin rafuka a ƙananan buhuna, kowanne da lambarsa. A raba buhu biyu, rabi a kai sito a ajiye ba a taɓa ba, rabi a shanya a faranti ya bushe ƙarau. Ita sai ta zuba a rariyar ƙarfe ta murza da tafin hannu. Garin da ya sauka ta ɗebi cokali biyu a ambulan zuwa ɗakin gwaji, ragowar ta ɗaure a leda. Ta goge rariyar da buroshi, ta ɗauki na gaba. Safar hannu ba ta yi mata ba, wayar rariyar tana yaga ta, kuma ba ta jin curin ƙasa ta cikinta.

Shugaban masu binciken, wanda suke kira Dogo, yana da huɗuba guda da yake yi wa kowane sabon ma'aikaci a gaban farin allo. Zinare, in ji shi, ba zube yake a ƙasa kamar tsakuwa ba. Can ƙasa sosai akwai ruwan zafi da ke ɗauke da shi a narke. Idan dutse ya tsage, ruwan ya bi tsagar ya hau, ya huce, sai ya bar jijiyar farin dutse da zinaren a ciki. Shekaru su tafi, ruwan sama ya cinye tudun, rafi ya kwashi ɓurɓushin ya gangara da shi. Su kuma sai su bi rafin a baibai, suna ɗibar yashi suna hawa. Muddin zinaren yana ƙaruwa, suna kan hanya. Inda ya yanke, nan kusa jijiyar take, nan za a kafa injin haƙa.

Daga nan sai ya nuna takardar da ke liƙe a ƙofa: ba a shiga da zinare. Na'urar gwaji tana ganin kashi ɗaya cikin biliyan.

"Ɗan kunnenki ya goga sau ɗaya," yakan ce, "kwatar gidanku ma sai ta fito mahaƙar zinare."

Goggo ta ji wannan sau ba adadi. Ita ce ma ke tare 'yan mata a ƙofa ta sa su cire sarƙa su kai kabad.

'Ya'yanta uku, maza biyu da mace, macen ce babba. Tana aiki a kantin magani, shekararta ashirin da huɗu. Zazzaɓi ya kama ta ranar wata Laraba, aka kwantar da ita asibiti kwana tara. Da safiyar na goma ta rasu. Wata nas ta ba Goggo wayar yarinyar, da takalmanta a leda, da zobe a naɗe cikin takarda. Siririn zoben zinare ne mai ɗan fure a kai, wanda yarinyar ta saya wa kanta a watan da ta kama aiki.

Bayan mako biyu Goggo ta koma aiki da zoben a ƙaramin yatsanta na dama, don nan kaɗai ya shiga. A gaban kabad ta tsaya, ta buɗe, ta rufe. Sai ta juya furen ya koma cikin tafi don kada ya yi tudu, ta naɗe yatsan da filasta zagaye uku. A lissafinta, abin da aka rufe bai shiga ɗakin ba.

"Goggo, wannan yatsa ba ya warkewa ne?" direban kamfanin, Gajere, ya tambaye ta bayan wata guda. "Ko tsohon mijin naki ne ya cije ki?"

"Da wane haƙorin?" ta ce.

Aka yi dariya, an ji daɗi ta fara mayar da magana.

A lokacin kamfanin yana kan gargara. Shekara huɗu ana bin rafukan yankin, shida an gama da su babu komai. Daga babban ofis an ce in damina ta faɗi ba a ga wani abu ba, za a naɗe sansanin. Mutum talatin da ɗaya ke ci a wurin. Mako shida a jere yashin rafi na bakwai kaɗai ake kawowa, kuma duk ta hannun Goggo ya bi.

Sai sakamako ya dawo da zinare.

Dogo ya liƙa taswira a bangon ɗakin cin abinci, ya bi lambobin da aka ga zinare da jan biro. Gajere ya ce shi daga yau a daina kiransa Gajere, a ce Alhaji. Mai dafa abinci ta ce ya fara sayen takalmi mai dunduniya tukuna. Babban ofis ya ɗaga wa'adin, aka ce injin haƙa zai iso ranar Litinin.

Dogo kaɗai bai saki jiki ba. Goggo ta same shi a gaban taswirar yana taunar murfin biro.

"Goggo, kin san abin da ke damuna? Ba ya ƙaruwa in mun hau. Nan da yawa, maƙwabcinsa babu, can kuma da yawa. Na taka tudun nan kwana uku, ban ga jijiya ko ta kirki ba. Amma lamba ba ta ƙarya."

Ta kalli taswirar. Ba ta iya karanta layukan tudu ba, amma lambobin nata ne. Buhu ashirin take yi a rana, a jere, goma kafin abinci, goma bayansa. Ta bi su da ido. Na safe duk fari. Jan yana farawa ne daga wajen na sha biyu ko sha uku, ya yi ta ƙarfi har na ashirin. Kashegari ya sake komawa fari.

Kullum da safe take sa sabuwar filasta. Kullum da yamma take cire ta a yage ta wajen tafi.

Ta shiga bayan gida, ta rufe, ta ɓare filastar, ta juyo zoben. Furen ganye biyar ne da shi. Yanzu biyu suka rage, su ma sai an karkata shi ga haske.

Ranar Alhamis ke nan. Ta koma ta gama buhunan ranar, zoben yana ɗaure a gefen mayafinta cikin kabad. A gida ta gaya wa maigidanta, tsohon direban bas da gwiwa ta zaunar. Yana gyaran rediyo a kan tabarma, bai ɗago ba.

"Wa ya sani?"

"Babu."

"To bari su haƙa mana. Ƙila ma su samu. Ƙasa ce, wa ya san cikinta?"

"Babu komai a wurin, Malam. Shi kansa Dogo ya gani."

"In sun haƙa wata uku, mutane sun ci abincin wata uku. In kin yi magana, ke ce ta farko a bakin ƙofa, a shekarunki. Su Gajere kuma da wane ido za su kalle ki?"

Ta san duk abin da ya faɗa haka ne.

Juma'a ma ba ta gaya wa Dogo ba. Ranar Asabar da hantsi ta ga ana share fili ana sassare itace inda injin zai bi. Ta wuce ofishin Dogo, ta ajiye zoben a kan taswirarsa ta tebur.

Ya dube shi, ya dube ta. Ya ɗauko madubin da yake duba dutse da shi, ya kara a ido, ya daɗe yana juya zoben.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na dawo. Daga lamba dubu huɗu da ɗari biyu da ɗaya."

"Ke, Goggo? Ke da kike cire wa mutane sarƙa?"

"Ni."

"Na wa ne?"

"Na yarinyar."

Ya ajiye madubin. Ya tura mata zoben da bayan biro, kamar shi ma yana tsoron kada ya shafi hannunsa. Ya ɗauki waya ya ce a tsayar da injin inda yake. Sannan ya sa aka fito da rabin buhunan da ke sito, aka ba wata ma'aikaciya ta tankaɗe da sabuwar rariya. Bayan kwana goma sha biyu sakamako ya dawo fari daga farko har ƙarshe.

A rahotonsa ya rubuta cewa an samu gurɓata a ɗakin tankaɗe, ya rubuta yadda aka yi, ya kuma rubuta cewa ma'aikaciyar ce ta gano ta kawo da kanta. Babban ofis ya ce a rufe sansanin a ƙarshen wata, kamar yadda aka tsara tun farko. Ba a kore ta ita kaɗai ba, tare da kowa ta tafi. Gajere ya daina yi mata tsiya. Yana gaishe ta, "Ina kwana, Goggo," ya wuce. Mai dafa abinci ta ci gaba da zuba mata abinci.

A makon kwashe kaya ta tambayi Dogo nawa ne ya goge daga zoben. Ya yi lissafi a bayan ambulan, ya soke, ya sake.

"Duka-duka bai kai ƙwayar gishiri biyu ko uku ba. A buhu ɗari shida."

"Yana ina yanzu?"

"Cokali biyun an ƙone su a gwaji. Sauran yana cikin ledojinki a sito. Ba su da amfani, zubarwa za a yi."

"Bari ni in zubar."

Ya ba ta makullin siton da baro. Ramin zubar da ƙasa yana bayan katanga, tafiyar minti biyar. Ta kwance kowace leda ta zazzage, ta ninke ledar ta ajiye gefe, don dokar wurin ba a binne leda. Sawu tara ta yi. Da ta gama ta wanke baron, ta kife shi a jikin bango, ta mayar da makullin.