Matar da Ta Rubuta Mijinta Har Ya Ƙare

Uwar Shafi ake ce mata, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Aikinta a kantin magani yake, tana bayan kanta tana zuba wa mutane ƙwayoyi a 'yar leda. Da ciniki ya lafa sai ta zaro waya ta hau rubutu a shafinta na intanet. Shekarun farko masu karanta ta ba su wuce ƙanwarta da wata ƙawarta ba, ita ma ƙawar kunya ce ke sa ta leƙawa.

Mijinta mai gyaran agogo ne, ɗan siriri, kullum da gilashi maƙale a ido ɗaya. Allah bai ba shi jiki ba, sai ya biya shi da baki. In aka zauna cin abinci, ta sha ƙwarewa saboda dariya. Shi ne ya ce ƙaninsa agogon bango ne, kai da kawowa tun safe amma bai taɓa barin inda aka rataye shi ba. Shi ne ya ce surukarsa ta fi ƙararrawa, don ita ƙararrawa tana da wurin kashewa.

Wata rana ta rasa abin rubutawa, ta ɗora zancen ƙararrawar. Jama'a suka yi ca kamar ƙudaje sun ga zuma. Uwarta ta yi fushin mako guda, amma wa ke ta uwa ana ta yabo?

Daga nan baiwar Allah ta zama malama. Masu sababbin shafuka suna tambayarta sirrin, tana ba su a tsare: ku rubuta kullum, ku rubuta abin da ke kusa da ku, kada ku bar mai karatu ya huce. To ita me ya fi kusa da ita? Wayar ta samu wurin zama a gefen farantinsa. Kafin ya haɗiye loma, maganarsa ta isa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Da farko abin na ba shi dariya, har yana cewa ya auri gidan rediyo.

Sai yayansa ya rasu, wanda ya koya masa sana'a. Bayan 'yan gaisuwa sun watse, ya zauna bakin gado da tsohon agogon mamacin a hannu, ya yi kuka, ya gaya mata abubuwan da bai taɓa gaya wa kowa ba. Da ya share ido ya ce, "Uwar ɗakina, wannan dai bar mana shi."

Ta ce to. Ta kuma yi niyyar cikawa, kada a zalunce ta. Amma shafi ya kwana biyu babu komai, masu karatu suna ta ina kika shiga, kuma ita ce mai wa'azin kada a bar su su huce. Ta rubuta. Ba ta taɓa samun jama'a irin na ranar ba. Har shago baƙi suka riƙa bin sa, babu agogo a hannunsu, suna ba shi haƙuri a kan kukan da ya yi a ɗakinsa.

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Maganarsa dai ta koma sannu da gida, abinci ya yi daɗi, sai da safe. Ta ɗauka makoki ne, zai wuce.

Rannan ya manta maganinsa a gida, ta bi shi da shi. Tun daga bakin layi ta jiyo shewa. Ga shi a kan benci, mai aski da mai faci sun sa shi tsakiya, yana kwaikwayon tafiyar wani, mai faci har yana dukan cinya. Yana ɗaga ido ya gan ta, ya tsaya a tsakiyar magana, ya miƙo hannu ya karɓi maganin da godiya, kamar wanda ya zo kantinta.

"Ƙarasa mana, maigida," in ji ta. "Wayar tana jaka."

"Na manta inda na tsaya."

Yanzu wayar a aljihun tebur take kwana in za a ci abinci. Ya lura, ya ci gaba da cin abincinsa. Shafin yana nan da jama'arsa, tana ɗumama musu tsofaffin barkwancinsa, ba su ma gane ɗumame ba ne. Kwanan baya ta tare mai aski a hanya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta roƙe shi ya gaya mata yadda labarin da mijinta ya katse rannan ya ƙare. Ya sosa ƙeya, ya dubi takalmansa.

"Ki yi haƙuri, matar abokina. Ya ce kada mu gaya miki."