Ranar Da Anka Yar Da Ƙanena A Juji

Har gobe in na ji an kira wani Ajuji, sai gabana ya faɗi. Yaran yanzu dariya suke ma sunan, ba su san uwa ba ta sa shi don marmari ba. Sunan ɗan wabi ne, wanda 'yan'uwanshi sunka yi ta mutuwa kafin zuwanshi.

Maza ukku Inna ta rasa a bayana, ko ɗaya bai kai yaye ba. Na huɗun an haife shi a Kurawa, shekarar da Nasara ya kwashe su Baba aikin hanyar garin Isa. Kaka, uwar Baba, ta ce wanga karon dabara za a yi: a kai jinjirin juji a yar, mutuwa ta ga ba mu son shi, ta ƙyale muna. Ungozoma kaɗai za ta biyo baya ta tsince shi. Kaka ta nuna ni da yatsa. "Ke mai rawar kai, komi kinka ji, kada ki motsa."

Da hantsi Kaka ta aje shi bisa toka da ɓawon gyaɗa, ta juyo ba waiwaye. Ni ina leƙe ta ɓular darnin kara da ya kewaye gidanmu. Ungozoma shiru, ashe tsohuwar ta tsaya gaisuwa a hanya! Sai ga shanun Fulani za su rafi, kuma ta gindin jujin suke bi. Yaro sai tsala ihu yake. Na dubi Inna, ta ba ƙofa baya, ta toshe kunnuwa.

"Kaka, shanu!"

"Zauna."

"Wallahi za ni!"

Na keta darni da gudu na sure shi, bajimin gaba na huci a bayana.

Na shigo ina haki, ina jiran a sa mani albarka. Kaka ta tafa hannu. "Kin kashe shi, 'yar nan. Yanzu mutuwa ta san muna so." Inna ta amshe shi daga hannuna, ko kallona ba ta yi ba.

Liman ya raɗa mashi sunan yanka, amma Ajuji ya bi shi. Shekara biyu, ko atishawa ya yi ni ake harara, ni kuwa in kwana cikin fargaba. Allah ya raya shi, yau har da jikoki. Amma har ya tashi da ƙafarshi, Inna ba ta taɓa bari na goya shi ba. Wallahi abin nan na ci mani rai har yanzu.