Ranar da Hajiya Ta Wanke Ƙwallo

Mijina ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, amma in ka tambaye shi sana'arsa a wancan zamanin sai ya fara ba ka labarin ƙwallo, daga baya in ya tuna ya ambaci buhunan shinkafa. Ɗan baya ne a ƙungiyar layinmu a unguwar Karantina, kuma shi ne kyaftin. Gudu dai ba shi da shi, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Abin da Allah ya ba shi goshi ne. Duk ƙwallon da ya taso ta sama, goshin nan ne zai tare shi ya mayar da shi inda ya fito. A shekarar da nake ba da labari, farkon shekarun saba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, gwiwa kuma ta fara yi masa gardama, ya ce daga gasar bana ya ajiye.

Gasar ta unguwanni ce, a wani fili bayan babbar kwata, inda awaki ke kwana. Al'adar ita ce ƙungiyar da ke karɓar baƙi ita ke kawo ƙwallo, ƙwallon kuma a gidan kyaftin yake kwana, amana ce a wuyansa. Namu na fata ne mai ɗinki, da igiyar da ake ɗaure bakinsa kamar takalmi. A cikin buhun sukari yake zama a ƙarƙashin gadonmu. Ni da nake share ɗakin kullum, zagaye shi nake yi da tsintsiya.

Muna zaune da mahaifiyarsa. A Jidda kowace tsohuwa Hajiya ce, amma in aka ce Hajiya a layinmu ba a ƙara komai ba, ita ake nufi. Daga Sudan suka zo, ta riƙo hannunsa yana ƙarami, ta sauke farali ta ce ba ta ga abin da zai mayar da ita ba. Mace ce mai tsananin kula da tsarki. Na taɓa ganinta da idona tana ɗauraye sabulu. Ruwa kuwa saye muke yi a wurin sagga, masu kawo shi a garwa, kuma in na zubar da kofi ɗaya a banza sai na sha wa'azi, amma ita in batun najasa ya taso garwa guda ba komai ba ce.

A wani gidan bikin suna abin ya samo asali. Wata maƙwabciyarmu mai bakin tsiya ta ce wa Hajiya, cikin raha, wai baƙin tabon da ke goshin ɗanta har yanzu ba a tantance ba, na sallah ne ko na ƙwallo. Mata suka yi dariya. Hajiya ba ta yi ba. Muna dawowa ta tsare ni a tsakar gida.

"Ke, da kai ake buga abin nan?"

"Wani lokaci, Hajiya."

"Abin da ke birgima a bayan kwata? Inda karnuka ke bi?"

"Nan ne filin."

"Sannan ya zo ya kai mini wannan goshin ƙasa gaban Ubangiji?"

Na ce ai yana alwala. Ta dube ni kamar na ce yana shafa turare a kan dauɗa, ta shige ɗakinta.

Ranar Juma'ar makon ne muke karɓar samarin unguwar Kurayyat. Su haifaffun Jidda ne, sirara, masu ƙafa kamar ta tsuntsu, rabinsu ba sa ma sa takalmi, ƙwallon na yawo a tsakaninsu ƙasa-ƙasa. Namu kuwa 'yan dako ne da makanikai, kowa da ƙirji da iyali. Da maza suka tafi masallaci, ni na shiga maƙwabta taya mai jego aiki. Da na dawo na tarar da babban bahonmu a kife, tsakar gida a jiƙe, garwar ruwa ta yi ƙasa sosai. Na leƙa ƙarƙashin gado don wani dalili na daban, na ga buhu a inda yake, ban kawo komai a raina ba. Bayan la'asar Maigida ya saɓa buhunsa ya fita yana waƙa.

Abin da ya faru a fili labari aka ba ni, amma an ba ni shi sau da yawa har ya zama kamar ina wurin. Fata dai ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma a Jidda ko rigar da ka shanya ba ta bushewa da wuri, balle wannan. Hajiya ta goge bayansa tas, sai ƙyalli yake, amma nauyinsa ya kai na tulun yaro. Samarin Kurayyat suka buga, ƙwallo ya ƙi tafiya. Wani ya kai masa ƙafa babu takalmi ya zauna yana riƙe da yatsa. Ɗan gabansu ya sa masa kai, ya tashi yana tambayar wace rana ce yau. Namu kuwa da suka saba da buhu, ko a jikinsu. Aka tashi muna da ɗaya suna nema, karon farko da muka taɓa cin su.

Ana cikin murna kyaftin ɗinsu ya ɗauki ƙwallon ya danna shi da gwiwa. Ruwa ya tsatso ta wajen igiyar, har da kumfa.

Da Maigida ya shigo gida babu waƙa. Ya dubi bahon da ke kife, ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙofar Hajiya, inda take zaune a kan dardumarta tana jan carbi, fuskarta fes irin ta wanda ya gama wani aikin lada. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da ni a hankali, "Kada in ji wannan a bakin kowa."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Yara na bin Maigida a layi suna tambayar ko a kawo ruwa. A tasha abokan aikinsa suka fara cewa a duba buhunan da ya ɗauko, kada a ce su ma an jiƙa su don su yi nauyi a sikeli. Da wasa ake faɗa, amma mutumin da ko bashin gaisuwa ba a bin sa, yau ana kiransa mai maguɗi a unguwar da ya girma. Ya daina zuwa wurin mai shayi. Na ce masa ya faɗi gaskiya, ai ba kisan kai tsohuwa ta yi ba. Ya ce shi ba zai tsaya gaban maza ya ɗora wa uwarsa laifi don ya tsira da wasan yara ba. Na ce to ashe ka san wasan yara ne. Ya juya mini baya. Haushinsa na ji sosai, kuma a ranar ne na fi sonsa, duk a lokaci guda.

Kurayyat suka kai ƙara, aka sa zaman shari'a a ƙofar gidanmu, bayan la'asar. Alƙali shi ne dattijon da ke raba duk wata rigimar layin, wani tsohon tela mai shago a kasuwar Bab Makka, wanda bai taɓa buga ƙwallo ba, shi ya sa kowa ya yarda da shi. Katangar gidanmu ta kwano ce, ko tari aka yi a waje kamar a kunnenka. Na ɗauko tiren shinkafa na zauna a gindinta ina tsinta. Hajiya na ɗaki. Tana yawan cewa kunnenta ya yi nauyi, amma na daɗe da lura cewa nauyin na zaɓe ne.

Kyaftin ɗin Kurayyat ya fara. Direba ne a wani kamfanin Amurkawa, kuma babu zancen da zai yi bai bi ta Amurka ba. Ya ce a gidan iyayen gidansa ana haska musu majigin ƙwallon ƙasarsu a bango, wani ƙwallo mai siffar gwanda, ƙarti sanye da hulunan ƙarfe, sana'arsu ke nan da ita suke ci.

"Wallahi ya ammi, a can babu wasa. In aka kama ka ka taɓa ƙwallo kafin wasa, khalas, shi ke nan. A dakatar da kai, a hukunta ƙungiya, sunanka ya ɓaci har abada. Mu ma haka muke so. A kore shi daga gasa, a ba mu wasan."

Tela ya ce, "Wannan ƙwallon naku na Amurka, shi ne wanda na ji ana runguma a ƙirji a ruga da shi?"

"Shi ne."

"To ai a nan wannan shi kansa maguɗi ne. Zauna, ɗana."

Aka yi dariya, amma da aka juyo kan Maigida dariyar ta ɗauke. Tela ya tambaye shi wa ya jiƙa ƙwallo. Ya ce, "Baba, a gidana ya kwana. Duk abin da ya same shi, ni ne." Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Na ji 'yan ƙungiyarsa sun yi tsit, waɗanda suka zo da niyyar rantsuwa a kansa. Tela ya ja numfashi ya ce to in haka ne ba shi da yadda zai yi.

Ban ji fitowarta ba. Inuwa kawai na gani ta wuce ni, da mayafi da carbi da komai, ta ture ƙofar kwanon nan ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, wane ne ke neman wanda ya wanke ƙwallo? Ga ni."

Maigida ya miƙe. "Inna, ki koma ciki don Allah."

"Rufe mini baki. Na wanke shi, da sabulu na wanke shi, ruwa biyu na canza, na farkon baƙi ƙirin. Ku dukanku da shi kuke goga goshi, ku tashi ku yi sallah. Maimakon a ce sannu, an taru ana zagin ɗana."

Direba ya fara cewa, "Ya Hajja, amma dokar wasa," ta juyo ta tambaye shi ɗan wane ne. Ya faɗa. Ta ce ta san kakarsa, mace mai tsabta, Allah ya jiƙanta. Ya koma ya zauna.

Na ɗauka shi ke nan an gama, amma tsohon telan nan bai gama ba. Ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce wa Maigida, "Jiƙawa dai ba kai ba ne, kowa ya ji. Amma da ka sa masa kai karon farko, ka ji nauyi?"

Ya ce, "Na ji, Baba."

"Ka gaya wa alƙalin wasa?"

"A lokacin muna da ɗaya, Baba."

Ni kaina sai da na tuntsire da dariya a bayan katanga, shinkafa ta zube. Tela ya yanke hukunci. Za a sake wasan da busasshen ƙwallo. Maigida ba zai buga shi ba, zai zauna a bakin fili ya riƙa miƙa wa samarin Kurayyat ruwan sha, saboda shirun da ya yi. Daga nan ya koma wasansa, kuma duk wanda ya sake kiransa mai maguɗi ya nemi wani telan ranar sallah.

Hajiya ta ce, "Ni fa? Ko ni ba mutum ba ce da za a hukunta?"

Tela ya yi ɗan tunani. Ya ce an haramta mata taɓa ƙwallo har abada, kuma an hana ta zuwa fili har sai alhazan bana sun tafi.

Matar da ko hanyar filin ba ta sani ba. Na zaci za ta yi dariya, sai ta shigo tana huci, wai ita za a hana zuwa wuri a unguwar da ta riga kowa zama. Aka sake wasa, aka lallasa mu yadda aka saba, Maigida ya raba ruwa, direban ma ya sha ya ce masa shukran ya akhi. Gasa ta ƙare ana gab da aikin Hajji, ya rataye takalmansa a ƙusa kamar yadda ya yi alkawari. Hajiya kuwa duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta tambaye shi ko alhazai sun fara raguwa a gari.

Ranar da aka ce jirgin alhazai na ƙarshe ya tashi, ta ce a kai ta fili. Maigida ya ce ai ya daina. Ta ce bai daina ba, ita ba ta yi zaman hukunci a banza ba. Dole ya sauko da takalman, aka haɗa wasan sada zumunci da Kurayyat ɗin dai. Ni da ita muka hau soron wani gida da ke kallon filin, da ƙyar na tura ta matakala.

Ba ta gane komai a wasan ba, ba ta ma tambaya ba. Ɗanta kaɗai take bi da ido. Yana ɗingishi, yara na wuce shi kamar yana tsaye, amma duk ƙwallon da ya taso ta sama sai ya tashi ya tare. Kowane karo sai na ji ta damƙe mini hannu. Can ta ce, ba da ni take ba, "Ashe haka yake shan wuya." Na duba na ga idonta ya cika.

Mun riga shi isa gida. Ta sa na zuba ruwa a ƙaramin kwano, ta ɗauko sabulunta ta ɗauraye shi, ta zauna a bakin ƙofarta. Da ya shigo, ƙura har gira, ya ajiye buhun ƙwallon nesa da ita yana murmushi.

"Inna, kin san doka."

"Na sani. Ƙwallonsu aka hana ni. Zo nan."

Ya dube ni, na kau da kai. Ƙaton mutum mai furfura da 'ya'ya ya durƙusa a gaban tsohuwa da gwiwarsa mai ciwo, ta tallafi haɓarsa da hannu ɗaya, ta shiga wanke masa goshi a hankali, tana faɗa ƙasa-ƙasa wai tabon nan dai na sallah ne, duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ta.