Tsohon danjar Jabi da jikin Inna

Ni ba mai ba mabarata kuɗi ba ne, gara in faɗa tun farko. Shekara da shekaru ina wuce danjar Jabi kan hanyata ta zuwa ma'aikatarmu, gilas a ɗage, ido a gaba. Har hujja gare ni da nake zubawa a ofis in zancen ya taso: bayarwa ce ke ƙara tara su a titi, wannan aikin gwamnati ne. Gwamnatin kuwa mu ne, mu da fayilolinmu.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Inna, mahaifiyata, na ɗauko ta daga garinmu na kawo ta asibiti nan Abuja. Yayata ta bugo waya ta ce, "Ka riƙa fitar da sadaka kullum, a yi mata addu'a." A lokacin ko cewa aka yi in tsaya da ƙafa ɗaya zan tsaya. Washegari na sauke gilas.

Wani tsoho ne ya fi kusa da motar. Siriri, da kwali a naɗe a hammata, don a gindin katangar tasha yake kwana, in ya bar kwalin wani zai ɗauke. Na miƙa masa, na ce, "Baba, mahaifiyata ce ba lafiya." Ya tambayi abin da ke damunta, ya ɗaga hannu ya roƙa mata lafiya har danja ta sake mu.

Daga ranar ya haddace motata. Kullum da safe, "Alhaji, ya jikin Hajiya?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi." Haka ake amsawa. Ko mutum yana gargara, da sauƙi muke cewa.

Inna ta rasu wata Talata da hantsi. Muka kai ta gida aka binne, na yi zaman makoki na kwana bakwai. Ban yi kuka ba. Na ci tuwo, na amsa gaisuwa, har na lura tabarmin da aka aro daga masallaci sun fi namu kyau. Na yi ta jiran in ji wani abu, ban ji ba, na dawo bakin aiki.

Ranar Litinin tsohon ya taso da saurinsa. "Alhaji, kwana biyu! Ya jikin Hajiya?"

Bakina ya ce, "Da sauƙi," kafin in yi tunani. Na baya ya danna hon, na wuce. Na ce gobe zan gyara. Goben ta zo na sake faɗin haka, har wata uku. Ba don tausayinsa na yi ba. Shi kaɗai ya rage a duniya wanda Inna ke da rai a wurinsa, na bar shi a haka. Kowace safiya, iya tsayuwar danja, ina da uwa a asibiti.

Rannan na zo babu shi. Mai goro na bakin tasha ya ce motar masu kwashe mabarata ce ta zo. Ban neme shi ba. Na ɗage gilas na koma yadda nake.

Bayan mako uku sai ga shi, babu kwalin, ƙafafunsa a kumbure. Ya dafa ƙofar mota ya ce, "Alhaji, can bayan Yangoji suka zube mu. Rabi a ƙafa na dawo, rabi a bayan motar doya. Amma ko a can ban fasa ba, kowace salla sai na roƙa wa Hajiya lafiya. Ya jikin nata?"

Na kalli ƙafafun. Na gangara gefen titi na kashe mota, ya biyo ni yana ɗingishi.

"Baba, ta rasu."

Ya yi salati. "Yaushe?"

"Wata huɗu ke nan."

Ya daɗe yana kallona. Ban ga fushi a fuskarsa ba, da na gani da ya fi mini. Ya ce, "Alhaji, baiwar Allah tana kwance a kabari, gafara take jira. Ka bar ni wata huɗu ina roƙa mata abin da ba ta da bukata."

Kuɗin na hannuna, bai dube su ba. Ya ɗaga hannu nan bakin kwalta ya ce Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya yafe mata. Ya yi ta maimaitawa kamar mai rama salla. Na ce amin. Na isa ofis na sa hannu a rajista, na buɗe fayil na farko.

Washegari na sauke gilas, ya taso a hankali ya ce, "Alhaji, ya haƙuri?"

Tun daga ranar babu wanda ya sake tambayata jikin Inna.