Ranar da Na Sauke Firij ɗin Alhaji

Har yau akwai ɗakuna a Nima da idan na yi sallama sai an ɗan ja lokaci kafin a amsa mini. Na san dalili, kuma ban yi nadama ba. Da za a dawo da safiyar nan, abin da na yi shi zan sake yi.

Mahaifina mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka haife shi. Yana saurayi ya biyo masunta zuwa Yeji, a gaɓar tafkin Volta, ya yi su na wasu shekaru, daga baya neman abinci ya kawo shi Accra ya koma kafinta. A Nima ya haife mu, a gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya, unguwar da babban ruwanta shi ne na kwata. Da ya tsufa, hannu ya fara rawa, aka daina kawo masa aikin ƙofa da gado, sai ya soma tara katako a tsakar gida. Mun zaci benci zai yi wa masallaci, ashe jirgin ruwa ne.

Ya daɗe yana fama da shi. Mata suna shanya a kansa, awaki suna kwana a ƙarƙashinsa, maƙwabta suna wucewa suna tambayarsa ko ambaliya yake jira. Shi dai sai murmushi, ya ci gaba da cusa tsumma da kwalta a tsakanin katakai. Burinsa ɗaya ne, a kai jirgin Yeji inda ƙanensa yake zaune har yanzu, ya sa shi a ruwa, ya tuƙa da hannunsa kafin ƙarfi ya ƙare. A daminar shekarar da ya gama shi ya kwanta ciwo har muka fara fid da rai. Da ya tashi, kowa ya san ba zai iya ƙera wani ba. Idan wannan ya fashe a hanya, shi ke nan.

Ni ce mai mota a gidanmu. Mijina ya rasu ya bar mini tsohuwar a-kori-kura, maimakon in sayar sai na koyi tuƙi, nake ɗauko wa mata albasa daga kasuwar Agbogbloshie. An yi surutu a kan wannan ma har aka gaji. To, jirgin ya fi bayan motar tsawo nesa ba kusa ba, dole sai da ƙaramar tirela da za a ja.

Alhaji, maigidan da muke haya a wurinsa tun kafin in yi wayo, ya ce in ɗauki tasa kyauta, wadda ake kai kujeru da rumfunan biki da ita. Alheri ya yi, ban musa ba. Amma da na gwada da igiya, kusan rabin jirgin zai yi ta reto a bayan tayoyi, tayoyin kuma ƙanana ne, an yi su don kujerun roba. Na yi godiya na ce ba za ta yi ba. Ya dube ni ya ce, “To, madam direba.” Daga nan ya ƙullace ni.

Wani mai walda a unguwar Maamobi ya haɗa mini doguwa daidai tsawon jirgin, da tayoyin tsohuwar mota. Abin da na fi damuwa da shi shi ne wuyanta, wato dogon ƙarfen gaba da ake maƙalawa a ƙugiyar mota. Dole nauyin kaya ya ɗan rinjaya gaba da tayoyi, don wuyan ya danne ƙugiyar. Idan ya danne da yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya yi sama, sitiyari ya daina jin magana. Idan kuma nauyin ya koma baya, wuyan ya yi sakayau, da an ɗan taka mota sai tirelar ta fara kaɗa gindi hagu da dama, tana ƙaruwa, har ta fizge motar. Na taɓa ganin haka da idona a hanyar Tema, wata mai ɗauke da janareta ta kifar da motar da ke jan ta a gabana. Ban manta ƙarar ba.

Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, mazan unguwa suka taru. Lungunmu ba ya cin mutum biyu a jere, sai da aka karkata jirgin a gefe aka ɗauke shi a kafaɗa, ana salati ana zolayar juna. Alhaji da kansa ya ce a cire ƙyauren gidansa don ya wuce. Da aka ɗora shi a bakin titi, ni da mai walda muka yi ta matsar da tayoyin gaba da baya, ina gwada wuyan da hannu. Sai da ya kai inda zan ɗaga shi da hannu biyu, da ɗan nishi, amma ya ɗagu, sannan muka ɗaure ƙusoshi. Muka bar shi a ƙofar masallaci, wuyan yana kan bulo.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne saƙo. A zango, wato unguwar Hausawa irin tamu, mota ba ta tafiya arewa fayau. Kowa yana da 'yar'uwa a Kumasi, ko ɗiya a Ejura, ko suruki a Atebubu, kuma ba a tambayar direba, sanar da shi kawai ake yi. Ga kuma jirgi guda, bakinsa a buɗe, babu komai a ciki.

Da na fito bayan sallar asuba, na tarar an cika shi. Buhunan gishiri, jarkokin manja, ƙunshin atamfa daga kasuwar Makola, keken ɗinki, katifa, kowanne an ɗaura masa tsumma mai launi don a gane mai shi. A can ƙarshe kuma ga ƙaton firij na Alhaji, irin mai buɗewa ta sama, wanda zai aika wa ɗiyarsa da ke aure a Ejura. Hancin jirgi siriri ne, bayansa ke da faɗi, don haka duk masu nauyin a baya aka jibge su. Tayoyin sun baje. Wuyan da ya sa ni nishi jiya ya bar kan bulo, yana lilo a iska. Na taɓa shi da yatsa ɗaya ya yi sama.

Raina ya ɓaci. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗaure gyalena a ƙugu na hau na fara sauke kaya.

Masu kayan suna tsaye, sun zo sallama da Baba. Wata Hajiya mai sayar da waken safe ta ce, “Ei, sista, mene ne ka ke yi haka? Manja na ne fa, small ne koraa.” Wai ɗan kaɗan ne kawai take nufi. Hausarmu ta Nima ba ta damu da raba mace da namiji ba.

Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. Tirelar nan jirgi aka yi wa, ba kasuwa ba.”

Alhaji ya matso, carbi a hannu. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce, “Yarinya, jiya su wa suka ɗauki jirgin nan a kafaɗa? Ƙofar wa aka cire?”

Na ce, “Ku ne, Alhaji, kuma Allah ya saka da alheri. Firij ɗin nan ni zan kai maka shi tashar motocin Kumasi da kaina in na dawo. Amma yau ba zai bi mu ba.”

Ya ce, “Ban roƙe ka tasha ba.” Ya juya wajen mahaifina. “Baba, kana gani?”

Baba yana tsaye da filafilinsa, itacen tuƙin da ya sassaƙa da kansa, yana dogara shi kamar sanda. Mutum ne da bai taɓa mayar da saƙon kowa ba a rayuwarsa. Ya ce, “Ɗiyata, bar wa mutane kayansu. Tare muka tsufa da su. Ki dai tuƙa a hankali, Allah zai kai mu.”

Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Maganar Alhaji ba ta dame ni ba, amma ban taɓa musa wa mahaifina a gaban jama'a ba. Na sauko, na ciro makullin mota na miƙa masa. Na ce, “Baba, in dai ni zan tuƙa, ba zan tashi da kayan nan ba. In akwai wani direba, ga makulli.”

Bai karɓa ba. Ya buɗe ƙofar mota ya shiga, ya sa filafilin a tsakanin gwiwoyinsa. Ni kuma na ci gaba da saukewa. Ba wanda ya taya ni sai da aka zo kan firij, nan ma don kada in fasa shi ne. Na ji ana cewa ba ni da kunya, an ce mota ce ta hau mini kai, wata ta ce dama tun ina yarinya haka nake. Duk na sauke, don in na ɗauki na wani na bar na wani rigimar ta fi haka. Abu ɗaya na karɓa, ƙullin magani na wata tsohuwa, shi ma don zai zauna a aljihun mota. Na sake kama wuyan da hannu biyu, ya sa ni nishi, na maƙala shi muka tashi. Ba wanda ya ɗaga mana hannu.

Baba bai yi mini magana ba. Muka wuce Nsawam, muka wuce Nkawkaw, manyan motoci suna gifta mu da iska, ni kuwa idona yana kan madubi. Jirgin yana biye da mu salin-alin, ko a gangaren Mampong bai yi gardama ba. Na saya masa ayaba ya ajiye a cinya bai ci ba. Da muka ratsa Ejura, garin ɗiyar Alhaji, sai ya kau da kai daga taga. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, amma ban ba da haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Mun kwana a hanya, da hantsi muka isa Yeji. Ƙanen Baba da wasu masunta suka kwance igiyoyi suka tura jirgin cikin ruwa. Ya zauna daram, ko ɗigo bai shiga ba. Aka riƙe Baba ya taka ya shiga ya zauna a baya, inda mai tuƙi ke zama. Hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya zubar, ga shi ya riƙe filafili sosai.

Ya yafito ni. Ni 'yar Nima ce, ban taɓa shiga jirgi ba. Na shiga, na lallaɓa na zauna dab da shi don tsoro. Sai na ga hancin jirgin ya ɗaga daga ruwa.

Ya ce, “Matsa gaba. Kin tara mana nauyi a baya.”

Na matsa.

“Ƙara. Yauwa, nan.”

Hancin ya sauka ya kwanta a ruwa. Na juyo na dube shi. Na ce, “Baba, ashe ka sani.”

Ya tsoma filafilin, ya ja sau ɗaya, gaɓa ta fara nisa. Ya ce, “Tun kafin a haife ki na sani. Ni dai ba zan iya faɗa musu ba ne.”