Ruwan da Bai Kai Gonar Yaya Isyaku Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Isyaku, wanda mutanen garinmu a ƙasar Bunkure suka fi sani da Malam Gobe. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Abin faɗa akwai shi da yawa. Matsalar ita ce labarin ba zai fito ba sai da sunana a ciki, kuma a wurin da ba na so. Bana dai na ga babu makawa.

Malamin firamare ne, yana kuma noman rani kamar kowa a nan. Abin da ya raba shi da sauranmu littattafai ne. In ya shiga Kano, wasu su dawo da atamfa ko takalmin yara, shi kuwa sai ya dawo da tsofaffin littattafan Turanci da ake bazawa a bakin titi, wasu ko bango babu. Kuma ba kowane iri ba. Ya fi son masu ƙaga wata duniya ta nan gaba wadda ta lalace: ƙasar da hukuma ke jin duk abin da mutum ya faɗa a ɗakinsa, ko birnin da aka zagaye da katanga, na ciki suna ƙoshi na waje suna kallo. Bayan la'asar sai ya zauna a gindin durumin bakin masallaci ya ba mu labarin da Hausa, ya ɗauko komai ya sauke a Kura da Kadawa, har ya raba wa mutanen ciki sunayen 'yan majalisarmu ta gindin durumin. Daga nan sunan Malam Gobe ya samo asali, don kullum maganarsa, "A goben nan da nake ba ku labari." Da finafinan fassara suka shigo gidajen kallo, ba ya jin kunyar zama cikin samari da babbar rigarsa in aka ce irin nasa za a saka. Mahaifiyarmu har ta bar duniya ba ta daina mita a kan wannan ba.

Wata rana wani dattijo a majalisar ya yi masa faɗa, ya ce ya daina cika wa mutane kai da shirmen masu da'awar sanin gobe. Yaya bai yi fushi ba. Ya ce ai su ma ba su san goben ba. Abin da ke ƙofar gidansu suke dubawa su ja shi ya yi tsawo, kamar yadda manomi ke ganin tsaga a jikin kanal ɗin ban ruwa ya san abin da za ta zama in aka ƙyale ta shekara uku. Ya kuma ce mana mu daina zuba wa azzalumin cikin labarin ido, don shi ɗaya ne tak kuma kowa ya san shi. A wurinsa mutanen da suka fi ban tsoro su ne na kusa da ƙofa: mai gadi, da mai rubuta suna, da iyalin da ruwa ke zuwa gidansu kullum, ba su taɓa tambayar inda ya tsaya ba. Yakan ce waɗannan ba mugaye ba ne, 'ya'ya gare su kawai, kuma suna jin tsoro. Muna dariya mu ce Malam Gobe ya fara.

Dole in tsaya in bayyana yadda ruwa ke zuwa gonakinmu, don mai karatu a birni ya gane. Daga babban kanal ake buɗe ƙofa, ruwa ya shigo ƙaramar hanya da muke kira layi, gonaki na jere a gefenta daga kai har wutsiya. A layinmu, tun zamanin iyayenmu, akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba. Ranar da aka sako ruwa, na kai ba ya taɓawa. Yana tsaye ruwa zai wuce ta gabansa ya tafi har wutsiya, na ƙarshe ya cika fangalinsa ya toshe, sannan na gabansa ya buɗe, a haka a haka har a zo kan na farko. Wanda ya fi kusa da ruwa shi ke sha a ƙarshe. Dalilin a fili yake: na kai ba zai taɓa rasa ruwa ba ko ya jira, na wutsiya kuwa in aka fara daga sama sai dai ya ga laka.

Mahaifinmu ya bar gona biyu a wannan layi, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya. Da aka zo rabo, Yaya ya ce in ɗauki ta kai, shi yana da aikin makaranta. Na karɓa ban ko yi kawaici ba. Ga shi kuma aikin malamin gona na yi, ni ne nake yawo a kan babur ina koya wa mutane yadda ake rabon ruwa. Wannan ya kamata a sani kafin in ci gaba.

Shekara guda kafin rasuwarsa ruwa ya yi ƙaranci a tsakiyar bazara, daidai lokacin da tumatir ke fure. Ciyawar kacala ta cushe kanal, gayyar da aka saba yi don sare ta ta mutu, saboda mu na sama mun daina fita tunda ruwa na iso mu ko an sare ko ba a sare ba. Wani maƙwabcina ya sayo injin ban ruwa ya jefa tiyo a layi tun da sassafe. Na ga tumatir ɗinsa ya yi shar, nawa ya fara langaɓewa da rana. Na daure mako guda. A mako na biyu ni ma na sayo inji, na kuma cika buhu biyu da ƙasa na dasa a layi don ruwa ya taru inda tiyona yake. Na ce wa kaina na kwana uku ne kawai, har furen ya kama.

A kwana na biyar da hantsi sai ga Yaya ya biyo layi da ƙafa daga wutsiya, yana duba inda ruwa ya maƙale. Ya iso ya ga buhunan. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tattare rigarsa ya zauna a kan kunya. Na zaci faɗa zai yi, har na shirya amsa. Maimakon haka sai ya fara ba ni labarin wani littafi, na garin da rijiya ɗaya ta rage, da mutumin da aka ba riƙon guga don gidansa ne kusa. Injin na ta ƙara, ni ko kashe shi ban yi ba.

Da ya gama sai ya ce, "Garba, a labarin nan kai wane ne?"

Na ce, "Yaya, ni fa iyali gare ni. Ka bar ni da tatsuniyoyinka. Je ka faɗa wa wancan da ya fara."

Ya ce, "Ai na je. Shi ma cewa ya yi in zo wurinka."

Ya tashi ya kakkaɓe riga ya koma ta hanyar da ya zo. Bai taɓa buhunan ba, ko da yake shi ne babba kuma da ya cire ba abin da zan iya yi. Tumatir ɗinsa ya zubar da fure ya bushe a tsaye. Ni kuwa na cika kwanduna a shekarar, har na aika masa da guda biyu gida, ya karɓa ya yi godiya. Ban san kyautar da ta fi wannan rashin kunya ba. Muka ci gaba da gaisawa, muna cin tuwo tare ranar Juma'a, bai sake tayar da maganar ba, ni ma na yi kamar na manta. Da ciwon ajali ya kama shi na yi ta zirga-zirgar asibiti da shi, na samu lokuta da dama da zan nemi gafara, ban nema ba. Ina jin kunyar wannan har yau, kuma ina kewarsa fiye da yadda nake nunawa a gida.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na'urar da yake ba mu labari mai jin maganar mutum a ɗakinsa, yanzu da hannunmu muke saye, mu sa a aljihu, mu kuma yi fushi in caji ya ƙare. Ana haɗa muryar mutum da maganar da bai taɓa yi ba, ta zagaye gari kafin azahar. Masu neman ƙuri'a na zuwa da injinan ban ruwa su raba, kuma a hannun na kan layi suke ƙarewa, don su ne masu faɗa a ji. Ina jin ba abin da zai ba shi mamaki a nan, sai dai ya ce ai ya faɗa mana, mu kuma mu ji haushinsa. Abin da zai dame shi daban ne. Samarinmu yanzu sun fi shi kallon irin finafinan nan, kowa a wayarsa. Na saurari hirarsu sau da yawa a wurin mai shayi, kuma kowannensu jarumin yake ɗaukar kansa, mai fasa katanga. Ban taɓa jin wanda ya ce shi ne mai gadin ƙofa ba. Mu manya ma haka muke in ana zagin shugabanni a majalisa, kowa bakinsa da kaifi, da safe kuma ya je ya jefa tiyonsa a layi.

Ƙa'idar iyayenmu ta mutu tun waccan shekarar. Babu wanda ya soke ta, bari kawai aka yi. Gonakin wutsiya uku sun koma noman damina kaɗai. Ta Yaya ce ta rage, ɗansa Kabiru yana ta fama da ita, magidanci ne yanzu mai 'ya'ya biyu. A farkon ranin bana ya zo gidana ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Baffa, na zo ne in sanar da kai kafin ka ji a bakin wani. Zan sayar da gonar Baba. Akwai mai so daga Kano, ni kuma an yi min hanyar tuƙa Adaidaita a can. Ruwa ba ya zuwa, na gaji."

Bai ce don me ruwa ba ya zuwa ba. Ya sani, na sani. Kuma ni ne yanzu shugaban manoman layin, an zaɓe ni ne wai don na san aikin ruwa.

Na tara mutane bayan sallar Juma'a a gindin durumin nan na ce a dawo da tsohon tsari. Kowa ya yarda tsarin mai kyau ne, Allah ya ji ƙan waɗanda suka kafa shi. Sai dai wannan ya ce shinkafarsa ba ta jure jira, wancan ya ce in ya cire tiyonsa wani zai shanye rabonsa. Can wani ya ce, "Malam Garba, ai kai ne a kai. Kai za ka fara." Dariya aka yi, don ba wanda ya zaci zan yi.

Ranar da aka sako ruwa na je da safe na naɗe tiyo, na ɗora inji a baro na mayar gida. Buhunan da ke layin yanzu ba na wancan lokacin ba ne, an sake su ya fi sau goma, amma a wuri ɗaya suke. Na janye su. Ruwa ya wuce ta gaban gonata, tumatir ɗina na kallona. Ba zan yi ƙarya ba, raina ya sosu. Sai na bi bakin ruwan da ƙafa ina tafiya daidai da shi, yana tura busassun ganye a gabansa. A gona ta uku na tarar da tiyo a ciki. Ban yi faɗa ba, na tattare rigata na zauna a kan kunya. Mai gonar ya yi kamar bai gan ni ba, ya juya nan ya juya can, daga ƙarshe ya kashe injinsa yana gunaguni. A ta shida kuwa na zauna har rana ta take, mutumin bai kashe ba. Cikin mu goma sha ɗaya, huɗu ne muka jira a ranar.

Duk da haka ruwa ya kai wutsiya bayan azahar, siriri, bai fi cika rabin fangulan ba. Kabiru na tsaye da fartanya yana buɗe masa hanya. Bai gode mini ba, kuma na ji daɗin hakan. Abin da ya ce kawai shi ne zai dakatar da mai sayen har ya ga yadda ranin zai ƙare. Ranin bai ƙare ba tukuna. Tumatir ɗina bana ba zai kai na bara ba, kuma ban san ko mu huɗun za mu zama biyar ko mu koma ɗaya ba.

Littattafan Yaya gara ta cinye yawancinsu a cikin kwali, makarantar da ya koyar an sake mata gini, samarin yanzu ba su san wane ne Malam Gobe ba. In aka auna abin da ya bari da mudun duniya, gona ce guda a wutsiyar layi wadda har yanzu ba ta tsira ba. Sauran kuwa tambaya ce ɗaya da ya yi min a kan kunya, injina na ƙara, na ƙi amsawa. Allah ya jiƙanka da rahama, Yaya, ya haskaka kabarinka. Ni ne mai riƙon gugan. Na sani tun ranar da ka tambaya.