Kunyar Gefen Hanya

Shekarun baya, can zamanin da Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba, lokacin da sai ka wuni a cikin birni ba ka ji kukan mota ba, ni ne helma, wato shugaban leburorin da ke gyaran hanyar da ta taso daga gindin Dala ta nufi Sheshe. Hanyar burji ce, jan tsakuwar nan da ake haƙowa a bayan gari a shimfiɗa a daɓe. Da rani lafiya lau take. Damina na sauka kuwa sai ta koma gargada, rami nan, tudu can. Mu cike, ruwa ya kwashe, mu sake cikewa. Ni dai a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ina tafe da 'yar sandata ina nuna wa mutane rami, kai ka ce su ba su da ido.

Gidanmu a bakin hanyar yake. Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, kuma mu Fulanin gida ne, to kun san sauran. Tunda na yi wayo ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana so in ci abinci, sai ta ce wa ƙanwata, "Akwai tuwo a rufe, ko wani zai so." In na gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Ban taɓa jin zafin haka ba, don haka na taso na ga ana yi, ni ma kuma ban iya haɗa ido da ita ba.

Kowace safiya takan ɗauki kwandon audugarta da mazari ta tafi Sheshe gidan yayarta. Can za su wuni suna kaɗi suna hirar mutanen da suka daɗe da barin duniya, da la'asar ta dawo. Tun rasuwar mahaifinmu, wannan tafiyar ita ce duk abin da ya rage mata na jin daɗi. Mun san idonta ya fara yana, amma in ƙanwata ta tambaye ta sai ta ce hayaƙin girki ne. Tunda kullum ita kaɗai take zuwa ta dawo, sai muka ɗauka abin da sauƙi.

A ƙarshen wata damina aka kawo mana tarakta. Ranar da ta shigo ta ƙofar gari, har masu jima sun bar fatunsu sun fito kallo. Mai tuƙa ta abokina ne, Babarbare, wanda ya koyi aikin inji a wajen masu jirgin ƙasa, kuma ni da shi ba ma gaisawa sai mun yi wa juna tsiya. Tare da ita aka sauke ƙarafa biyu da ake ɗaura mata a baya. Ɗaya kamar akwati marar gindi yake, yana yanke tudu ya ja tsakuwar a cikinsa ya zube ta a rami, don haka muka sa masa suna akwati. Ɗayan doguwar wuƙa ce da ake karkatawa, ta kankare hanya ta ture abin da ta kankaro gefe guda. Baturen ayyuka zai fita rangadi, sai ya ce ta bakin tafinta mu gwada duka biyun kafin ya dawo. Wanda muka zaɓa shi zai zauna a birni, ɗayan a kai shi hanyoyin ƙauye.

Da akwati muka fara, kuma don son a sani, na ce a fara daga ƙofar gidanmu. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Tarakta na tafe tana tari, bayanta hanya na fitowa sabuwa fil, ja wur, sumul kamar daɓen ɗaki. Ramukan da na yi shekaru ina faɗa da su suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon dutse da ke leƙowa a tsakiyar hanya tun ina yaro, akwati ya tumɓuke shi. Saiwar durumin da ke bakin masallacin unguwa, ya rufe ta ruf. Da yamma, da kowa ya watse, na bi hanyar ni kaɗai a hankali. Rana na faɗuwa ta bayan dutsen Dala, haskenta ya kwanta a kan burjin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Na ji kamar in na ci gaba da tafiya a kanta, ba zan tsaya ba sai Makka. A raina na gama zaɓe.

Washegari da hantsi ina wurin aiki, sai ga maƙwabcinmu marini, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Malam, na tarar da Innarku a tsaye a tsakiyar hanya, kwando a ka, ta juya fuskarta wajen kududdufi. Da na yi sallama ta ce hutawa take yi. Ni dai na shiga gaba ina ta surutu, tana bin muryata, har muka zo gida."

Da na koma, na same ta a tsakar gida tana gurzar auduga kamar ba abin da ya faru. Kashegari ba ta fita ba, jibi ma haka. Ta ce wa ƙanwata ƙafa ce ke mata ciwo. Ni kuma sarkin wayo, sai na je na ɗauko wanzami ya yi mata ƙaho, na sayo man shafawa, ina ta kaiwa da komowa. Tana zaune a gindin bango daga safe har yamma, mazari a hannu amma ba ya juyawa. Cikin 'yan kwanaki ta rame, ta daina ko yi wa kaji faɗa. Abin ya dame ni ƙwarai, na rasa inda zan kama.

Ƙanwata ce ta tare ni a zaure.

"Yaya, wai kai da gaske ba ka gane ba? Ƙafar Inna lafiyarta ƙalau. Ido ne babu. Ya fi shekara ba ta ganin komai sai haske da duhu."

Na ce, "To da me take zuwa Sheshe?"

"Da ƙafa mana. Ba ka lura tana fita take cire takalmi ta ɗora a kan kwando ba? In ta taka dutsen nan ta san ta wuce gidan marina. In ta ji saiwa ta san masallaci ne, ta karkata. Kowane rami ta san shi. Kai kuma ka zo rana ɗaya ka share mata duka."

Na jingina da bango. Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ƙanwata ta kalle ni kallon da ake yi wa wanda ya tambayi abin da jariri ma ya sani, ta ce, "Ta faɗa wa wa?" Na ce to ita ta riƙa raka ta mana. Ta ce ta gwada, Inna ta ce ita ba kaya ba ce da za a riƙa kai ta ana ɗauko ta.

Ranar da muka gwada wuƙa, a bayan ganuwa muka yi. Gaskiya aikinta bai kai na akwati kyau ba. Tana gyara tsakiya, amma duk abin da ta kankaro sai ta tara shi a gefe, ya yi dogon tudu siriri, sak kunyar gona. Abokina ya kashe inji ya tofar da yawu, ya ce wannan ai rabin aiki ne. Ni kuwa na tsaya ina kallon tudun nan yana tafiya ɗoɗar har inda ido ya ƙare. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na rufe ido, na sa gefen ƙafar dama a jikin kunyar, na fara tafiya. Tsakuwar da sanyi, tana ɗan sosa mini ƙafa. Da fari ina tangaɗi, can sai jikina ya saki. Na ji kukan kurciya, na ji jaki a nesa, na ji iska a kunnena, ƙafata kuwa tana ta bin abinta ba ruwanta da ni.

"Kai Bafillace!" abokina ya ƙwala mini kira. "Nonon safe ne ya bugar da kai, ko aljanun Dala ne suka biyo ka?"

Na dawo na gaya masa komai. Ya dubi tudun, ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka san dai tudun nan ruwa zai tare. Damina ɗaya hanyar ta zama tafki, Bature ya kore mu ni da kai." Na ce zan sare shi a bakin kowane lungu, ruwa ya sami mafita. In ya cushe in buɗe, in ya zube in tayar, da fartanyata, ba sai na sa lebura ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ku dai Allah ya yi ku da kunya. Ta ishe ku a gida, yanzu har hanya za ka yi wa." Ya tayar da inji.

Da Bature ya dawo na ce wuƙa muka zaɓa. Ya dubi aikin akwati, ya dubi na wuƙa, ya dube ni. Tafinta ya ce, wai ya ce da shi ne, akwati zai ɗauka, amma ni ne mai hanya, in ruwa ya kwanta a kanta kuwa ni zai tambaya. Na ce na ji.

Muka ja wuƙa daga ƙofar gidanmu har lungun gidan yayar mahaifiyata. Saura faɗa wa ita mahaifiyar tawa, kuma nan ne gizo ke saƙa, don ba ni da bakin da zan ce, "Inna, na san ba kya gani." Sai na tsaya a tsakar gida bayan sallar la'asar, na ɗaga murya ina ba ƙanwata labarin aiki, ita kuma tana ta "to" kamar abin ya dame ta. Na ce an yi wa hanya kunya ta hannun dama in an fita. Na ce duk inda ta yanke, bakin lungu ne. Na ce a daidai masallaci na bar yankan da faɗi, a lungun Sheshe kuma nan ta ƙare gaba ɗaya. Mahaifiyata na gindin bango, ba ta ko ɗago ba. Can sai ta ce wa ƙanwata, "Ke, audugar nan ta taru da yawa."

Da safe na laɓe a zauren marini. Ta fito da kwando a ka, ta tsaya, ta cire takalmi ta ɗora. Ta miƙa ƙafa tana lalube har ta taɓa tudun. Ta daɗe a tsaye a wurin. Sannan ta fara tafiya. Na biyo ta daga nesa, ina taka ƙasa a hankali kamar ɓarawo. Hayaƙin kunu na tashi daga gidaje, rana ba ta yi zafi ba, inuwarta doguwa a kan jan burji. A yankan farko ta tsaya. Ta taka, ta taka, ƙafarta ta sami ci gaban kunyar. Daga nan sai tafiyarta ta canja, kwandon ya daina rawa, har na ga tana amsa gaisuwar mutane da hannu.

Mun kusa masallaci sai ta tsaya cak. Ba ta juyo ba. Ta yi magana kamar da iska take yi.

"Mai bin bayan mutane ya koma aikinsa. Na ga hanya."

Na tsaya a wurin, hawaye na zuba, babban mutum da ni, har da sandar helma a hannu.

Ta yi shekaru tana bin kunyar nan. Duk ruwan da aka yi, kafin ta fito na riga na zaga da fartanya. Ba ta taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba. Yanzu da na tsufa nake gane cewa ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da ita. Ku 'yan yanzu kuna zama ku faɗa wa iyayenku kuna son su, kuma ban ga laifinku ba, wani lokaci har sha'awa kuke ba ni. Mu ba a ba mu wannan bakin ba, sai dai mutum ya nemi wani abu ya yi da hannunsa, ya bar shi a inda za a taka.

Bayan rasuwarta da 'yan kwanaki, abokina ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya tambaye ni a hankali ko ya zo da tarakta ya baje tudun, tunda an daɗe ana ƙorafinsa. Na ce ya bari ruwa ya yi da kansa. Da aka yi ruwan farko a shekarar, ban ɗauki fartanya ba. Na zauna a zaure ina kallon kunyar tana narkewa kaɗan kaɗan, jan ruwa na gangarawa wajen Sheshe.